Sikeli Bai San Inda Kifi Ya Kwana Ba

Kawuna, Allah ya jiƙan rai, bai taɓa sayen ɗanyen kifi bai ɗaga masa kunne ba. Ina yaro nakan bi shi kasuwa a Birnin Kebbi ina riƙe masa jaka, kuma kullum abin ɗaya ne. Zai tsuguna gaban faranti, ya sa babban yatsa ya buɗe kunnen kifin, ya leƙa. In ya ga ja jawur, sai a shiga ciniki. In ya ga jan ya koɗe ya koma kamar tsohon bulo, sai ya danna tsokar ya jira ya ga ko za ta taso, ya dubi idon, sannan ya miƙe yana goge hannu a gefen riga. Mai kifi ya yi ta rantsuwa cewa yanzun nan aka fito da shi daga ruwa. Kawu ba ya musu da kowa. Iyakarsa ya ce, "Malam, kihin ga ya kwana," mu yi gaba. Wata rana na ce masa, "Kawu, ai ga sikeli nan ya auna a gabanmu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, sikeli nauyi ɗai ya sani."

Wannan magana ce ta faɗo mini a rai a shekarar 2008, lokacin da labari ya bazu cewa an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya a gasar kamun kifi ta Argungu. Kifin da ya kawo ya kusa kilo 66. An ɗora shi a sikeli gaban manyan baƙi, an yi shela, an yi tafi, an ambaci kyaututtuka, har da mota da kujerar Makka. Sai bayan taro ya watse ƙorafin sauran masunta ya yi ƙarfi, suka ce wannan kifi ba a Matan Fada, ruwan da ake gasar, aka kama shi ba, mushe ne aka shigo da shi ruwa daga wani wuri. Aka bincika, aka duba kunnen kifin, aka tarar ya daɗe da mutuwa. Aka karɓe kambu, aka kama mutumin. Gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka, duniya ta sha dariya.

Da yawa a lokacin sun ce ai shi ke nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne yadda abubuwan suka biyo juna. An auna, an yi shela, an ba da kyauta, sannan aka duba kunne. Abin da kawuna yake yi kafin ya fitar da sulai daga aljihu, shi ne babbar gasar su ta ƙasar nan ta yi bayan ta miƙa makullin mota. Kuma waɗanda suka gano maguɗin ba su ne ke riƙe da sikeli ba. Mutanen da suka fito daga ruwa jiƙe sharkaf ne, waɗanda tun suna goye suke ganin kifi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kafin a yi maganar kama mai maguɗi, ya kamata a tuna mece ce dokar da yake karyawa. Bikin Argungu a yadda muka san shi ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Aka shirya masa su na musamman don girmamawa. Amma al'adar ruwan ta girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Gyaran ruwa da fashin ruwa tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Kabi, kuma Sarkin Ruwa da Homa ba jiya aka fara naɗa su ba. Ruwan Matan Fada a rufe yake duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Ranar gasa kuma kayan aikin da aka yarda da su sanannu ne: homa, wato komar hannu mai baki biyu da masunci ke buɗewa kamar fukafukai, sai gora da yake hawa ya yi iyo a kai, ya kuma zuba abin da ya kama a ciki. Ba taru, ba birgi, ba mamari, ba jirgi mai inji. A buga bindiga, dubban mutane su auka ruwa, a ba su kamar awa ɗaya, wanda ya fito da kifi mafi nauyi ya ci.

Duk waɗannan dokoki aikinsu ɗaya ne, su ɗaure hannun kayan aiki don a ga ƙarfin mutum. Da an bar kowa ya zo da abin da ya ga dama, da mai taru ya share ruwan cikin minti ashirin, gasar ta koma ta masu jari. An rage koma, an rage lokaci, an rage fili, domin abin da ya rage ya zama numfashi da ƙwanji da sanin inda giwan ruwa ke maƙalewa. Wanda ya shigo da mushe kuwa ya tsallake dukkan iyakokin nan a tashi ɗaya: ya yi su a wani ruwa, a wata rana, da wata koma.

Akwai wani wasa da Turawa ke yi wanda ya sha fama da irin wannan ciwo, kuma labarinsa ya dace a ji shi a Argungu. Wasan harbin fenti ne, wanda aka fara a Amurka a 1981. 'Yan wasa kan rabu gida biyu, kowa da bindigar iska mai harba ƙwallayen fenti kamar girman goro ƙarami. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita. Da farko bindigogin na hannu ne, ja ɗaya harbi ɗaya. Da aka sa musu lantarki da ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai bindiga ta fara yi wa mutum aikin yatsa. Ka ɗan taɓa kunama, ita kuma ta yi ta ɓarin wuta, har sama da ƙwallo ashirin a daƙiƙa ɗaya. Wasa ya tashi daga gwanintar ɓuya da saiti ya koma wa ya fi tsadar bindiga. Masu shirya gasa suka sa iyaka, suka fara da kusan 15 a daƙiƙa, suka yi ta ragewa, har babbar gasar NXL, wadda aka kafa a 2015, ta tsaya a goma da ɗoriya kaɗan. Gudun ƙwallon ma an ƙayyade shi, kada ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, don kada wasa ya zama rauni.

Rubuta dokar bai ba su wahala ba. Tsare ta ce ta sha musu kai. Wasu suka riƙa ɓoye wani tsari a cikin ƙwaƙwalwar bindigar, wanda sai an danna maɓallai ta wata hanya yake tashi, da alƙalin wasa ya miƙo hannu kuma a kashe shi, bindiga ta koma mumina. Wasu kuma in fenti ya fashe a jikinsu sai su faɗi su goge shi a ƙasa ko a jikin shinge su ci gaba da harbi. Dole masu gasa suka sauya dabara. Aka riƙa auna bindiga kafin a shiga fili, alƙalai suka riƙa yawo da na'urar aunawa a hannu suna ɗaukar gudun harbi ana tsakiyar wasa, aka tilasta kulle saitin bindiga yadda ba za a iya taɓa shi a fili ba. Hukuncin kuma suka sa ya yi zafi: in an kama ka, a fitar da kai, a haɗa da abokin wasanka ɗaya ko fiye. Da laifin mutum ɗaya ya fara cin 'yan uwansa, sai 'yan uwan suka zama masu sa masa ido.

Abin da na ɗauka daga wannan labari shi ne, dokar da ba a tanadi yadda za a duba ta a kan lokaci ba, mai gaskiya kaɗai take ɗaurewa. Shi ne zai tsaya a kan homa da gora, shi ne zai jira bindiga, shi ne zai fito da kilo arba'in ɗinsa na halal ya tsaya yana kallon wani na karɓar makulli.

Za a ce ai da can ba a buƙatar wannan duka. Gaskiya ne. A da, mai shiga ruwa ɗan gari ne ko na ƙauyukan kewaye, an san ubansa, an san gidan da ya koyi su. Tsoron Sarkin Ruwa kaɗai ya isa ya hana mutum kusantar Matan Fada da dare, domin Bakabe bai ɗauki ruwa abin wasa ba, ya yarda akwai masu shi. Ladan kuma suna ne, makaɗa su kama sunanka, a yi shekara ana labarinka. Mutum ba ya sayen mushe don a yi masa kirari a garin da kowa zai gane. Amma abubuwa biyu sun sauya, kuma sun sauya ta fuskoki masu karo da juna.

Kyauta ta kumbura. Tun da gwamnati da kamfanoni suka shigo, abin ya tashi daga tukuici ya koma arzikin da zai sauya rayuwar gida gaba ɗaya. A watan Maris na 2020, da bikin ya dawo bayan ya yi kusan shekara goma a kwance saboda rashin tsaro, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kuma mai shi ya tashi da naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun Makka biyu. Ina taya shi murna har yau. Sai dai a tuna cewa wannan kyauta ana kaɗa ta ne a gaban mutanen da wasunsu ba su taɓa riƙe naira dubu ɗari tasu ta kansu ba, kuma yanzu masu shiga ruwan daga ko'ina suke zuwa, har daga Nijar, ba wanda ya san uban wani. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Shi kuwa ruwa ya ja baya. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo da ta biyo baya a 1984 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Rima kowace damina, ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa ya yi ƙiba. Ga yashi yana cike gulbi, ga noman shinkafa na rani yana zuƙar abin da ya rage da injin ban-ruwa. A 2006 sai da aka dakatar da su ɗin saboda ƙarancin ruwa. Giwan ruwa mai kilo saba'in ba a shekara biyu take kai haka ba, tana son zurfi da abinci da shekaru. A can kudancin jihar kuwa, wajen Yawuri, kogin Kwara da tafkin Kainji suna nan da zurfinsu, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifi ta can ya san irin ƙattin da ake fitowa da su. Kyauta mai girma a nan, kifi mai girma a can, tsakaninsu tafiyar mota ce ta 'yan awoyi. Ba sai an yi wa shaiɗan dogon bayani ba.

Kada kuma a ɗauka wannan halin namu ne mu kaɗai. A 2022, a wata gasar kamun kifi a tafkin Erie, a birnin Cleveland na jihar Ohio ta Amurka, wasu mutum biyu sun kawo kifaye da nauyinsu ya zarce girmansu. Shugaban gasar ya dubi kifin, ya dubi sikeli, lissafi ya ƙi fita. Ya matsa cikin ɗaya ya ji tauri. Nan take ya nemi wuƙa ya farke shi a gaban kowa, sai ga dunƙulen dalma suna faɗowa, haɗe da yankakken naman wani kifi da aka cusa don kada dalmar ta yi motsi. Bidiyon ya zagaya duniya. A 2023 kotu ta ɗaure su kwana goma-goma, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu na su. Ƙasar da ke da kowace irin na'ura, har wasu gasanninta kan sa wanda ya ci ya zauna gaban na'urar gano ƙarya, amma abin da ya tona asiri ido ne da yatsa da wuƙa. Bambancinsu da mu a 2008 ɗaya ne: sun farke cikin kafin su miƙa kuɗi.

Me ya sa mu ba mu yi haka ba? A ganina amsar tana kan rumfar manyan baƙi. Duk wanda ya taɓa halartar ranar ƙarshe ya san yadda take. Masunta sun yi sahu a bakin ruwa tun da hantsi, rana na dukansu, gora a kafaɗa, homa a hannu, ana jiran jerin gwanon motoci. Ga jawabai, ga gaishe-gaishe, kowane mai riƙe da makirfo sai ya ambaci muƙamai tun daga sama har ƙasa. Can sai wani a ƙarshen sahu ya ji wani ƙara, ko ya ga kamar an motsa, ya zabura. Na kusa da shi ba zai tsaya tambaya ba. Kafin ka ce kwabo ƙura ta tashi, ruwa ya yi baƙi da kawuna, mai bindiga na riƙe da bindigarsa. A tseren mita ɗari mutum takwas ne a layi, shi ya sa aka iya korar Usain Bolt a Daegu a 2011 da ya riga bindiga tashi, duk da shi ne gwarzon duniya. Mutum dubbai fa, wa za ka kora? Maganin riga-bindiga a Argungu shi ne a buga ta a lokacin da aka ce za a buga, ko wane ne bai iso ba. Wanda aka shanya awa huɗu a rana ba a yi masa wa'azin haƙuri.

To wannan jinkiri da aka yi da safe, shi ake ramawa da gaggawa a wajen awo. Baƙi na duban agogo, jirgi na jira a Birnin Kebbi, 'yan jarida na son hoto. Kifi ya fito, mutum uku ko huɗu sun ciccibo shi (na 2005 mai kilo 75 sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi), jama'a sun yanyame, 'yan sanda na kora da bulala, a rataya, a karanta lamba, a yi shela. A cikin wannan hayaniya, wa ke da ƙarfin halin ya ce wa gwamna da sarakuna su dakata zai duba kunnen kifi? Wannan tazara, daga bakin ruwa zuwa sikeli, ita ce tsagar bangon da ƙadangare ke shiga.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. A ajiye tebur kafin sikeli, kada kifin da ke neman kyauta ya hau ma'auni sai ya bi ta kansa. A zaunar da mutanen Sarkin Ruwa da na Homa, da jami'in kiwon kifi na jiha, da ɗaya ko biyu daga cikin matan da ke bandar kifi, waɗanda hancinsu kaɗai ya fi takardar shaida. Su ɗaga kunne, su duba ido, su danna tsoka, su ga ko jiki ya sandare. Kifin da aka kama cikin awar nan yawanci ma yana motsi, yauƙinsa na nan, kunnensa jini ne. Manyan guda uku kuma a farke cikinsu a bainar jama'a. Duk wannan ba zai ci minti goma sha biyar ba. Abin da zai fi wuya shi ne a rubuta, a kuma shelanta tun kafin ranar, cewa maganar wannan tebur ita ce ta ƙarshe, kuma ba mai miƙa makulli sai sun ɗaga hannu. In ba a ba su wannan iko a fili ba, za su zama ado kamar 'yan rakiyar amarya.

Na san mai wayo zai ce, to in aka hana mushe sai a kawo mai rai. A kamo giwan ruwa a wani wuri, a zura mata igiya, a ɗaure ta a gindin wata saiwa a ƙarƙashin ruwa da dare, gari ya waye a nutsa a kwance. Wannan ya fi wuyar ganewa, ban musa ba. Amma ɗauko kifi mai kilo sittin da rai a mota ba ƙaramin aiki ba ne, giwan ruwa ba tarwaɗa ba ce da za ta yini a kwano tana numfashi, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Igiya tana barin tabo a baki da kunne. Dare biyu ko uku na ƙarshe kuma a ba masuntan unguwanni daban-daban gadin ruwan tare, domin ba mai tsare Matan Fada kamar wanda gobe zai shiga neman kyautar. Kifi na ganinka, mai jar koma, haka ma masunci na ganin ɗan uwansa. A nan dabarar masu harbin fenti za ta yi amfani: kowane mai shiga gasa ya yi rajista ƙarƙashin sarkin ruwan garinsu, in an kama shi da maguɗi garin ya sha dakatarwar shekara. Zai yi wa wasu zafi, za a ce an hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. Sai dai irin wannan shiri ba a yinsa a ɓoye wa maƙwabta, kuma wanda ya san shirunsa zai jawo wa garinsu kunya, bakinsa zai buɗe tun kafin a loda kifin a mota.

Masu cewa a kawo kyamarori da jirage marasa matuƙa su yi ta shawagi, ba na faɗa da su, za su taimaka wajen raba gardamar wa ya fara kama kifi in hannaye sun yi yawa a kansa, gardamar da ita ma takan tashi. Amma ruwan da dubban ƙafafu suka dama ya zama kunu, kyamara ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Masu cewa binciken cin fuska ne ga masunta kuma, su tuna su wane ne suka kai ƙara a 2008. Masunci na gaskiya shi ya fi kowa son a ɗaga kunnen kifinsa a gaban sarki.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da aka karrama ya haɗa da kabanci, wato tseren kwale-kwale, da kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu, da sanin ruwa da ake gada daga uba zuwa ɗa. Wannan sanin ne ya ceci sunan gasar a 2008, amma a makare, bayan an gama ɗaukar hoto. Nakan tuna mutumin da aka ce shi ne na biyu a wannan rana. Ya nutsa, ya yi kokawa da kifinsa cikin taɓo, ya fito da shi da taimakon 'yan uwansa, ya tsaya gefe ruwa na ɗiga daga wandonsa, yana ji makaɗa na kiran sunan wani. Ko da mota ta biyo shi gida daga baya, ranar da Sarkin Kabi da baƙinsa suka miƙe tsaye, kalangu na tashi, mutanen ƙauyensu na neman wanda za su ɗaga sama, shi yana cikin 'yan kallo da gorarsa a hannu.